Wane suna za mu ba WAL don a daina goge shi?

'Yan uwa masu aikin kwamfuta a Jidda, Makka da Madina, ina so mu tsayar da kalma ɗaya ga abin da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, ke kira WAL (write-ahead log), wato fayilolin da rumbun ke fara rubuta kowane canji a ciki. Mukan ce sijil, wasu su ce log, kuma duk yaron da ya ji log sai ya ɗauka shara ce da ake kwashewa in wuri ya ƙure.

Kun san yadda take kasancewa. Ofishin umara ne, ana tsakiyar azumi, sunayen mahajjata na ta shiga, faifan sabar ya cika maƙil. Rumbun bayanai ya kasa rubutu, ya tsaya cak. A tayar da shi ya sake faɗuwa, don tashin ma yana bukatar wurin rubutu. Mai kula da sabar ya leƙa, ya ga jakar pg_wal, inda WAL ke zaune, ce ta cinye wuri, fayiloli birjik masu mega 16 kowanne, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

Alhali a cikinsu ne rumbun ke fara rubuta kowane canji kafin ya kai shi mazauninsa. Sai ya rubuta a can yake ce wa ma'aikaci an karɓa. In ya faɗi, daga can yake bin sawu ya cika abin da ya ɗauka. Wanda ya goge su ya goge abin da aka riga aka ce an karɓa, wani lokacin ma rumbun ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Masu PostgreSQL da kansu sun ɗanɗana wannan: da can sunan jakar pg_xlog, mutane na ganin log suna gogewa, har a fitowa ta 10, a 2017, suka mayar da ita pg_wal. Kada mu gaji matsalar da masu abin suka gudu.

Wani malaminmu a Madina ya ce rajista. Malam, Allah ya ƙara lafiya, rajistar bara ana iya jefa ta bayan kabad, babu abin da zai tsaya. Ƙanenmu mutumin Gadarif ya kawo daftari, don a wurinsu littafin mai shago ne. Na so ta ƙwarai, amma wanda ya saba jin daftarin kasafin kuɗi a rediyo zai fahimci rubutun da bai kammala ba, wannan kuwa ya fi log haɗari. An kuma ce kafin alƙalami, sai dai ita a juye take: can kuɗi ke riga alƙalami, nan alƙalami ke riga komai.

Ni littafin amana na zaɓa. Mahajjaci ya bar wa mai shago ajiya a Shara Mansur, an rubuta, ya tafi Harami hankalinsa kwance. Komai cikar shagon, ba wannan littafin ake fitarwa ba. Log na yau da kullum kuma, mai gaya maka wa ya shiga da wane kuskure ya auku, mu ce rahoton aiki.

Ku gwada ta a bakin aiki ku ji. Ƙanena, kada ka taɓa littafin amana. Duba df -h mai nuna wurin da ya rage a faifai, ka duba df -i mai nuna gurbin fayiloli, don wuri kan rage amma gurbin sababbin fayiloli ya ƙare. Kwashe tsohon rahoton aiki. In tsarin faifan ext4 ne, akwai kashi 5 cikin ɗari da akan keɓe wa root, babban asusun sabar, umarnin tune2fs na iya sakin wani abu daga ciki. In bai isa ba, ƙara faifai, ko ka mayar da pg_wal ɗungurungum wani faifan ka sa masa mahaɗi (symlink) a tsohon wurinsa, rumbun na kashe. Tayar da shi, ka bar shi ya gama karanta littafin amanarsa. Sannan ka nemi dalilin kumburin: ko archive_command, mai kwafe fayilolin zuwa ma'ajiya, ya daina aiki, ko an bar gurbin (replication slot) wani sabar mai kwafi da ya mutu tuni, rumbun na ta tara masa fayilolin. Tun fitowa ta 13 akwai max_slot_wal_keep_size mai sa iyaka. pg_resetwal kuwa, umarnin da ke share littafin ya buɗe sabo, sai an rasa kowace hanya, sai kuma ka kwafe rumbun dukansa tukuna.

An ce sunan ya yi tsawo. A baki a ce amana, ta wadatar. Redo log na InnoDB, injin ajiya na rumbun MySQL, ma ya shiga ƙarƙashinta, aikinsu ɗaya. Binlog na MySQL, wanda sabar masu kwafi ke karantawa, daban ne, tunda shi ana rage shi da PURGE BINARY LOGS. Masu aiki da MySQL, ku kawo mana tasa kalmar.