Shin Aljanu Ne Suka Tare wa Almarar Kimiyya Hanya a Rubutun Hausa?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamar yadda muka saba a ƙarshen wata, kowa zai faɗi littafin da ke hannunsa da abin da ya gani a cikinsa. Sai dai Injiniya Bashir ya ajiye wata magana a zamanmu na baya wadda lokaci bai bari an tattauna ta ba, inda ya ce yawan labaran aljanu da tsafi ne ya hana almarar kimiyya, wato ƙagaggen labarin da ake ginawa a kan ilimin kimiyya, tsayuwa da ƙafarta a rubutun Hausa. Na roƙe shi ya fara, saura kuma su biyo baya, kowa da hujjarsa daga abin da ya karanta.

Injiniya Bashir: Na gode Hajiya. Littafin da ke hannuna shi ne Rosewater na Tade Thompson, wanda ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019. An kafa labarin a Najeriya ta shekarar 2066, a wani gari da ya taso a kewayen wata halitta da ta zo daga wajen duniyarmu, kuma abin da ya fi burge ni shi ne marubucin bai bar wani abin mamaki ba tare da sababi ba. Akwai mutanen da ke jin abin da ke zukatan wasu, amma an bayyana cewa wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da suka bazu a iska suke haɗa su da sauran jama'a, har ma akwai hanyar da ake toshe wannan baiwa. A namu littattafan kuwa, da zarar jarumi ya shiga tsaka mai wuya sai a miƙa masa zobe ko laya, ko kuwa aljani ya ɗauke shi ya tsallakar da shi teku, mai karatu kuma ba a bar masa abin da zai yi tunani a kai ba. Garin nan namu, Kaduna, na injuna ne. An buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, matatar mai ta fara aiki a 1980, iyayenmu da yawa a gaban inji suka tsufa, amma marubucinmu idan yana neman abin al'ajabi sai ya tsallake duk wannan ya tafi birnin aljanu. Matsayina shi ne sabo da wannan sauƙin ne ya kashe mana sha'awar tambayar yadda abu yake aiki.

Malam Lawal: Injiniya, Allah ya yi maka albarka, amma tarihin rubutunmu bai goyi bayanka ba. A 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka wata, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da baƙonsa Kolin Koliyo wanda ya tafi da shi sararin samaniya. Mu da muka yi makaranta a wancan zamani mun karanta shi tare da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, kuma yaron da ya ji daɗin tafiyar Alhaji Imam zuwa neman ruwa a ƙasar aljanu shi ne dai ya ji daɗin tafiyar Kilba, babu wanda ya ture wani. Da aljanu ne matsalar, ai da littafin bai samu karɓuwa ba tun farko. Abin da ya faru a ganina shi ne gidan da ke ɗaukar nauyin irin wannan rubutu ya raunana. A da akwai edita da zai zauna da marubuci, akwai makarantun da za su sayi littafin da yawa. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuci ya koma buga littafi da kuɗin aljihunsa, ɗan kasuwa kuma shi ke faɗin abin da zai karɓa, wanda ya zuba jarinsa kuwa dole ya bi abin da ya tabbata zai sayu. Ka ƙara da cewa yaro da Ingilishi yake koyon kimiyya a sakandare, da Hausa kuma yake jin tatsuniya a gida, don haka wanda ya san kimiyyar sau da yawa bai saba rubuta ta da Hausa ba, wanda ya ƙware a Hausar kuma ba a ba shi kimiyyar da harshensa ba.

Injiniya Bashir: Baba Malam, ina girmama wannan bayani, amma littafi guda da ake ta ambato fiye da shekara hamsin ai hujjata ce yake ƙarfafawa. Bari in kawo misalin da ya fi damuna. A 1898 H. G. Wells ya rubuta labarin mayaƙan duniyar Mas da suka auka wa Ingila da makaman da Turawa ba su da maganinsu, ya sa mai mulkin mallaka ya ɗanɗani abin da yake yi wa wasu, kuma a ƙarshe ƙwayoyin cuta ne suka kashe maharan, wato sababin da hankali zai iya bi. Mu ne muka ga irin wannan yaƙi da idonmu a 1903, lokacin da dawaki da masu suka fuskanci bindiga mai ruwan harsashi a Kano da Sakkwato. Amma da Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, bayan jarumin ya gwabza da Turawa sai labarin ya kai shi ƙasashen aljanu yana ta cin nasara a can. Ba na raina littafin, amma tambayar da ta kamace mu, wato yadda aka ƙera wannan bindiga da dalilin da ya sa ba mu ƙera ta ba, ba a yi ta ba.

Malama Hadiza: Ni malamar kimiyya ce, kuma na fi kowa son ganin ɗalibaina suna karanta irin littattafan da Injiniya yake so, amma ina ganin ya ɗora laifin inda ba nan yake ba. Ina cikin karanta Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965, kuma duniya ta yarda almarar kimiyya ce. A cikinsa akwai tufafin da ke tara gumi da duk wani danshin jiki su tace shi ya koma ruwan sha, akwai lissafin yadda za a mayar da hamada ƙasa mai tsiro a cikin ƙarnuka, amma kuma akwai mafarkin da ke zama gaskiya da jarumin da ke hango abin da bai faru ba. Ɗaya bai kori ɗaya ba. Haka masu jin zukata a littafin da ke hannun Injiniya, idan aka cire bayanin ƙwayoyin nan, da kaɗan suka bambanta da masu duba. Abin da ke raba labari mai kyau da maras kyau shi ne ko marubucin ya kafa doka kuma ya bi ta. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin dokin katako mai tashi sama, wanda yake da maɓallin hawa da maɓallin sauka, ɗan sarki ya hau shi bai tsaya ya koyi na saukar ba, sai da ya laluba jikin dokin a sararin sama kafin ya gano shi. Wannan tsohon labarin al'ajabi ne, amma hankalin da ke cikinsa na mai ƙira ne, domin abin yana da ƙa'ida kuma jahiltar ƙa'idar ta jefa jarumi cikin haɗari. Marubuci malalaci kuwa, ko ka ƙwace masa zobe ka ba shi na'ura, zai sa na'urar ta yi duk abin da ya ga dama a shafin da ya ga dama. Na karanta labaran Turawa masu cike da jiragen sama jannati waɗanda ba su fi labarin layar ɓata sa mutum tunani ba.

Ustaz Kabiru: Ina so in ja hankalinmu kan wani abu kafin a yi nisa. Mu Musulmi ba mu ɗauki aljanu a matsayin ƙirƙira ba, halittar Allah ce da aka saukar da sura guda da sunanta, sura ta 72 a Alƙur'ani. Abin da marubuci yake ƙirƙira shi ne biranensu da sarakunansu da auren 'ya'yansu, kuma wannan shi ya sa labarin aljanu yake kama zuciyar mai karatunmu fiye da yadda labarin dodanni yake kama Bature, domin yana taɓa abin da ya yi imani da shi. A nan kuma haɗarin yake. Na yarda da Injiniya a kan littattafan da boka ke warware kowace matsala, saboda suna koya wa yaro cewa mafita tana wurin da aka hana shi zuwa. Labarin da zai sa shi ya ɗaga kai ya yi tunani a kan halittar sammai da ƙasa ya fi mini wannan nesa ba kusa ba. Sai dai kada a ɗauka duk abin da aka kira kimiyya tsarkakakke ne. Littafin da Malama take karantawa ya ari kalmominmu irin su Mahadi da jihadi ya gina musu wata ma'ana tasa, kuma yaron da bai san asalinsu ba zai iya ruɗewa.

Malama Hadiza: Gaskiya ne Ustaz, shi ya sa nake son su karanta shi a gaban wanda zai yi musu bayani, ba a ɓoye ba.

Zainab: Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in yi magana a matsayin mai rubutu, ko da yake ni ce ƙarama a nan. Ina sakin wani labari kashi-kashi a WhatsApp, a kan Kaduna ta nan gaba, lokacin da kogi ya ja baya har ruwa ya koma rabo da kati, kuma wata yarinya daga Rigasa tana gyaran famfunan da ke aiki da hasken rana. Abin da ya ba ni tunanin shi ne Tafkin Chadi, wanda a shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, yau kuma ɗan kaɗan ne ya rage daga cikinsa. A cikin masu karantawa babu wanda ya ce in sa aljani. Abin da suke ta tambaya shi ne wa yarinyar za ta aura, wasu kuma suka ce bayanin famfon ya yi musu tsawo. Saboda haka, Yaya Injiniya, idan akwai abin da ya cika kasuwa har ya hana wasu numfashi, labarin soyayya da zaman aure ne, domin littattafan yaƙi da na aljanu su ma a gefe suke. Ni kuma ban ga dalilin zaɓar ɗaya in bar ɗaya ba. Binti na Nnedi Okorafor, wanda ya ci kyautar Hugo da ta Nebula, labarin yarinya ce 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta tafi jami'a a wata duniya ɗauke da jan yumɓun da mutanenta ke shafawa, kuma wannan al'adar ta taimaka wajen tsirarta. Marubuciyar ba ta wanke yarinyar daga gidansu kafin ta sa ta a jirgi ba.

Malam Lawal: Madalla da wannan 'ya. Injiniya, game da Ganɗoki kuma, ka tuna a hannun wa aka rubuta shi. Gasar rubutu ta 1933 wadda littafin ya fito daga cikinta, ofishin fassara na gwamnatin mulkin mallaka ne ya shirya ta ƙarƙashin Rupert East, shekara talatin kacal bayan faɗuwar Sakkwato, kuma masu karatun farko 'ya'yan waɗanda aka ci da yaƙi ne. Mutumin da ya sa Bahaushe ya tsaya gaban Bature da takobi a cikin littafin da Bature zai buga, sannan ya nema masa wata ƙasa inda ba a karya shi ba, ya yi wa mutanensa aikin da suke bukata a lokacin. Wells yana rubutu ne daga cikin ƙasar da ke ƙera bindigar, yana da ɗakunan bincike a unguwarsa. Ba adalci ba ne a nemi tambayarsa daga bakin wanda aka harba.

Injiniya Bashir: Na karɓi uzurin 1933, Baba Malam, amma ba zan karɓe shi ga marubucin yau ba, wanda yake da waya a hannu kuma Najeriya ta harba tauraron ɗan Adam nata na farko tun 2003. Dokar da Malama take magana a kai ita ce ainihin abin da nake nufi, sai dai ina ganin aljani ya fi na'ura saurin lalata marubuci, saboda babu mai karatun da zai ce masa aljani ba ya iya kaza, alhali idan Zainab ta rubuta cewa famfonta yana jan ruwa da tsakar dare ba tare da batir ko tanki ba, ni da kaina zan tsayar da ita. Wannan tsoron a kama ka shi ne yake tilasta wa mutum yin bincike. Ƙanwata, kada ki rage bayanin famfon don an ce ya yi tsawo.

Malama Hadiza: A nan kam ban bi ka ba Injiniya. Zainab, ki saurari masu karatunki, domin ba ƙin kimiyya suke yi ba, darasi ne ba sa so a tsakiyar labari. Maimakon shafi biyu na bayani, ki sa ƙurar hunturu ta rufe farantan hasken rana a ranar da layin Rigasa yake da rabo, ruwa ya ragu, mutane su fara zargin yarinyar da karkatar da shi zuwa wata unguwa, ita kuma dole ta gano dalili kafin rikici ya ɓarke. Mai karatu zai koyi yadda famfon yake aiki ba tare da ya san an koya masa ba. Sannan ki yanke shawara tun yanzu a kan wanda ke riƙe da katin rabon da wanda yake iya hana wani, domin daga kashi na gaba abin da za a tambaye ki ke nan.