Sanarwar manhajar susu ta ishi mutane, sun kashe ta duka

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da karamar manhaja ta susu, wato adashi, da na hada wa matan da ke kasuwanci a Kejetia da Aboabo cikin Kumasi, mu kusan arba'in. Da farko duk wadda ta zuba kudi ta MoMo (tura kudi ta waya) sai sanarwa ta shiga wayar kowa, ranar kasuwa waya sai ta yi kara sau talatin, wata Hajiya ta ce min "yaro, wayata ta zama kararrawar makaranta" ta kashe komai. Matsalar ita ce da ta kashe, sanarwar ranar daukarta ma ba ta shiga ba, kudinta ya kwana.

Na raba sanarwar zuwa tashoshi uku, wato kashi uku da za a iya kashe kowanne daban, yadda Android ke bari tun Android 8, amma ba wadda ta shiga saitin ta zaba, kashewa suke yi baki daya. Na gwada tara sanarwar na aika sau daya da magariba, sai masu zubi suka fara kirana wai ba su ga shaidar kudinsu ya shiga ba.

To wace sanarwa ya kamata ta yi kara nan take, wace kuma ta jira cikin manhaja shiru?