Furotin GSK-3β ya ƙi aiki bayan isowarsa Kumasi

Assalamu alaikum malamai. Ina bincike kan cutar Alzheimer a wani ɗakin gwaje-gwaje a Kumasi, kuma na sayi furotin GSK-3β na ɗan Adam, wanda aka samar a ƙwayoyin halittar ƙwari, domin in ga yadda yake liƙa fosfet a jikin furotin tau, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu wannan cutar. Ya iso daga Turai ta Accra busasshiyar ƙanƙarar cikin akwatin ta kusa ƙarewa, sannan aka ɗauke wuta a daren da na sa shi a firiza mai sanyin digiri -80.

Na haɗa shi da tau, ATP (sinadarin da ke ba da fosfet ɗin) da magnesium a zafin digiri 30, na duba gurbin Ser396, inda fosfet ya kamata ya liƙe a jikin tau, ban ga komai ba. Na sauya ATP, na ƙara DTT (sinadarin da ke kare furotin daga lalacewar oksijin), na tsawaita lokaci, duk shiru. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne GSK-3β ɗin yana fitowa a jel ɗin tantance nauyin furotin daidai nauyinsa, bai farfashe ba, ko da yake wannan ba shaidar yana aiki ba ce.

Wane gwaji zai tantance mini ko GSK-3β ne ya lalace a hanya, ko kuwa tau ne yake buƙatar wani kinase (furotin mai liƙa fosfet) ya fara liƙa masa fosfet? Na gode.