Duniyar da ke bayan katanga: me za mu kira ta?

1/ Jama'a, ku taimaka. Ina karanta wa ɗan yayata wani littafin almara na Turanci da daddare a nan Jos, ina fassara masa da baki. Yaro ne ya fita neman maganin mahaifiyarsa, yana ƙetarawa wata duniya mai kama da tamu. Turawa na cewa "parallel worlds". Nan na cije.

2/ Tafiyar neman abu ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tun 1934 Abubakar Imam ya aika Alhaji Imam neman Ruwan Bagaja. Amma shi garuruwa ya ratsa a cikin duniya ɗaya. Wannan kuwa duniyoyi ne daban, kowace da sararinta da mutanenta.

3/ Da na ce "duniyar aljanu" sai yaron ya ja bargo ya rufe kai. Kuskurena ne. Mutanen can mutane ne, suna noma suna cin kasuwa. Lahira kuwa ba a ma kawo ta, don ita duniyar labarin ana zuwa a dawo.

4/ Wani malamin lissafi ya kawo "duniyoyi masu jerawa", wai kamar ƙarafunan layin dogo na wajen Terminus, ba sa haɗuwa har abada. Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ai daɗin labarin shi ne akwai ƙofa.

5/ Ƙanwata ta ce "tagwayen duniyoyi, Yaya, shi ke nan." Na so shi ƙwarai, musamman da yake wasu mutanen nan suna da takwarorinsu a can. Matsalar ita ce tagwaye biyu ne. Wasu masana kimiyya, tun ra'ayin ɗaya daga cikinsu, Hugh Everett, na 1957, duniyoyi barkatai suke magana. In ta uku ta zo, Gambo za mu kira ta? Kuma gwada faɗin guda ɗaya ka ji yadda harshe ke sarƙewa.

6/ Inna ce ta raba gardama tana tankaɗe: "Ba maƙwabta ba ne? Katanga ɗaya, kowa da tukunyarsa, yara na tsallakawa." Maƙwabciyar duniya, maƙwabtan duniyoyi. Tilo ya zauna, jam'i ya zauna, ko dubu ne.

7/ Na gwada jiya. Yaron bai tambayi ma'ana ba, cewa kawai ya yi, "Kawu, ta ina ake shiga?" Ni dai na tsaya a nan. Mai wadda ta fi ta ya ajiye a ƙasa.