Furosesa ko katin hoto: wanne ya kamata ya ci kuɗin?

Abba: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Wani mai shago ya dage sai na ɗauki furosesan Intel i7 wai shi ne babba, kuɗina suka ƙare a kansa, ragowar da ƙyar ta kai ni katin hoto GTX 1650 mai 4GB, yanzu gem ɗin Red Dead 2 sai na sauke saitin hotonsa ƙasa kafin ya yi tafiya. Duk wanda zai haɗa kwamfutar gem da ɗan kuɗi ya zuba rabi a kati, furosesa ko i3 ne ya wadatar.

Sadik: Wane i7 tukuna? Don i7-4790 na 2014 ma i7 ne, kuma i3-12100F na 2022 yana ba shi kashi a gem. Mutanenmu da sun ji i7 shikenan an gama da su

Mubarak: Kai dai Sadik kullum sai ka raina i7, i7 i7 ne malam ko na wace shekara, nawa 3770 ne tun 2012 aka yi shi kuma har yau ina buga FIFA lafiya lau ban taɓa jin ya yi kuka ba

Sadik: Ɗora masa Windows 11 ta hanyar da ta dace mu gani. Daga janareshan na 8 Microsoft ta fara karɓa.

Mubarak: Wa ya ce maka ina son Windows 11?

Abba: Nawa fa i7-12700 ne, sabo ne

Nura: Ni dai ban ga dalilin musu a kan Intel ba bayan ga furosesan AMD Ryzen 5 5600, kor 6 gare shi, bod ɗin AM4 da ake ɗora shi a kai ga araha, ka haɗa da katin AMD RX 6600 mai 8GB ka buga kusan komai a 1080p, kuma katin nan ya ninka 1650 ɗin Abba ba wasa. Masu Intel suna kawai kuke saya.

Sadik: Suna? To i3 ɗin da na ambata suna ne? Kor 4 ne kacal amma je ka gwada.

Khalifa: Yayana Nura ka manta ba kowane gem ne ke dogara da kati ba. Valorant da CS2 furosesa suke ci, in ka matse kuɗin furosesa da yawa katin zai zauna yana jira ne, FPS, wato yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa, ta riƙa hawa da sauka. Sannan wasu ram ɗaya tal suke sakawa maimakon biyu su zo suna zagin kati

Mubarak: Ku masu AMD ku fara faɗa mana zafin da yake yi a watan Afrilu

Nura: Zancen zafi na zamanin tsofaffin furosesan AMD FX ne, ya wuce. RX 6600 wat 132 yake ja, RX 580 da kuke rububi a gwanjo 185, kuma da yawansu an gama haƙar kirifto da su.

Malam Habu: Duk ku bar wannan, da wace wutar za ku kunna? Ni inbata ta ba ta ɗaukar wannan kaya, PS4 na saya na huta.

Mubarak: Ga mai hankali nan

Khalifa: Malam Habu da girmanka, nan ba gurin masu PS ba ne 😂

Malam Habu: Yaro kafin a haife ka nake taɓa kwamfuta.

Admin: To ya isa haka. Abin da aka cimma shi ne, kati ya fi cancantar kaso mai tsoka, kuma kowa ya yarda Ryzen 5 5600 da RX 6600 su ne haɗin talaka. Masu i7 a yi haƙuri. Abba ka sayar da naka ka dawo AMD.

Sadik: Kowa wa? Admin kai ma 5600 ne a ɗakinka ai mun sani. Kuma me zai sa ya sayar da 12700, kati kawai zai canza in fawa saflai ɗinsa zai ɗauka

Mubarak: Au yanzu kuma i7 ya zama mai kyau kenan Sadik?