Ƙaramin kamfanin babur da kasuwar fawa baik: abin da kowa ya gani

Mai sayar da kayan gyara, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure a shagona a kan ko ya dace ƙaramin kamfanin babur ya tsunduma cikin ƙera fawa baik, wato manyan baburan gudu masu siisii 1000 (siisii shi ne ma'aunin girman inji), fagen da Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki suka daɗe da mamayewa. Ina roƙon wanda ya taɓa hawan irinsu ko gyara su ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Bakanike, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Shekaru uku da suka wuce wani bawan Allah ya turo mini fawa baik na wani kamfani da ba a san shi sosai ba, famfon mai ne kawai ya mutu. Na duba Sabon Gari, na aika Kaduna da Kano, na kira Legas, ban samu ba. Wata bakwai babur ɗin ya yi a bakin garejina a lulluɓe da tamfol, har tayoyinsa suka tsattsage, ƙurar hunturu ta cika fitilarsa, kuma duk ranar da mai shi ya zo ya ɗaga tamfol ɗin, sai in ji kamar ni na cuce shi. A ƙarshe ya sayar da shi a wulaƙance. Da Boxer ce, kafin azahar ta koma kan titi. Kamfanin da bai shirya kai kayan gyara inda ya kai babur ba, gara ya tsaya a inda ya fi ƙarfi.

Ɗalibin injiniya, Samaru:
Maganarka gaskiya ce, Baba. Na yi aikin aji a kan wannan batu, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne labarin Erik Buell Racing, wani ƙaramin kamfanin Amurka mai ƙera fawa baik, wanda kamfanin Hero na Indiya ya sayi kashi 49 cikin ɗari na hannun jarinsa a 2013, amma duk da haka ya durƙushe a 2015. Kamfanin KTM ma ya daina ƙera fawa baik ɗinsa RC8 a 2015 ɗin. Hatta manyan suna ja da baya, domin Suzuki ya fice daga gasar tseren babur ta duniya, wato MotoGP, a ƙarshen 2022, Yamaha kuma daga 2025 yana sayar da fawa baik ɗinsa R1 a Turai don filin tsere kawai, saboda tsananin dokokin hayaƙi da ƙarancin masu saye.

Mahayin babur, Kwangila:
Ƙanena, ban ƙi ta taka ba, amma BMW ya shigo kasuwar da fawa baik ɗinsa S1000RR a 2009 kuma ya karɓu, sai dai shi yana da aljihun da zai jure asara. Na hau mai siisii 1000 tsawon shekara biyu tsakanin Zariya da Kano, kuma ban taɓa samun sararin da zan saki injin ɗin ba, saboda ramuka da tireloli da shanu masu tsallaka titi. Na koma mai siisii 400, hankalina ya kwanta. Hanyar da Bajaj ya bi ta fi burge ni, wato ya haɗa kai da kamfanin Triumph na Ingila suka fitar da matsakaicin babur Speed 400 a 2023, kamar yadda TVS na Indiya ya ƙera wa BMW matsakaicin babur G 310.

Ɗan acaɓa, Kofar Doka:
Ranku ya daɗe, ni ban taɓa hawan fawa baik ba. Amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake kashe injin a kowace gangara don in rage shan mai. Idan kamfanin da ya ƙera babur ɗina yana da rarar kuɗi, ina roƙon ya zuba su wajen ƙarfafa sarƙa da birki, domin sau biyu na canza sarƙa a daminar bana.