Gurza Ƙofofin Kan Silinda a Gida: Abin da Masu Gyaran Tsofaffin Motocin Amurka Suka Ce

Ƙofofin kan silinda (murfin saman inji) su ne hanyoyin da iska da mai ke shiga inji, hayaƙi kuma ke fita, ana kuma gurza su ne don ƙara wa inji ƙarfi. Shawarwarin nan sun fito ne daga masu sake gina injinan motoci masu ƙarfi na shekarun 1960, irin su Chevelle da Camaro masu injin Chevrolet 350, waɗanda kan silindarsu na baƙin ƙarfe ne. Kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa mafi yawan amfanin yana cikin kwarin da ke ƙarƙashin mazaunin bawul (marfin da ke buɗe ƙofar yana rufe ta), inda ake goge tudun da zubin ƙarfe ya bari, domin iska ta shiga ba tare da tuntuɓe ba. Faɗaɗa ƙofar gaba ɗaya kuwa kuskure ne, saboda iska takan rage gudu, motar kuma ta rasa ƙarfi idan injin yana juyawa a hankali.

Sun yi gargaɗi sosai game da hanyoyin ruwan sanyaya inji da ke bayan bangon ƙofar, wanda idan aka huda shi, kan silindar ya lalace. Saboda haka ake fara koyo da tsohon kai da aka jefar. Ƙofar hayaƙi ana iya sulɓe ta, amma ta shigar mai ana barin ta da ɗan kaushi. Tabarau dole ne, domin tsinken ƙarfe ba ya tausayin ido.